Ɗan Maƙwabciyata

A duk faɗin unguwar Bronx ta New York babu mai kirana da sunan ɗana na fari. Da sunan ƙanwarsa ake kirana, maman wance, kuma ni na zaɓi haka tun ranar da na sauka ƙasar. A gidanmu mace ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ce mai rugawa ba. Ni ma 'yar fari ce. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" take cewa, ko "waccan", kuma ban taɓa kwana da tunanin ba ta sona ba. Ita ce ta karɓe shi daga hannuna ranar da aka yaye shi, ta riƙe shi a Kano har gashin baki ya fito masa. Shi ya sa ya tashi yana ce mini Yaya, kamar yadda ƙannena suke faɗa.

Ya iso wurinmu a Mount Hope yana saurayi, bayan rasuwar tsohuwa. Kafin a ce me ya kwashe Turanci kamar da shi aka haife shi. In yi masa Hausa, ya mayar mini da Turanci, haka muka zauna. Ranar da mota ta buge shi a kan keken da yake kai wa mutane abinci, na isa asibiti da silifas wari da wari. Matar da ke kan tebur ta tambayi sunan wanda nake nema. Na tsaya cak. A bayana akwai dattawa biyu daga masallacinmu da suka rako ni. Sai na kira ƙanwarsa a waya na miƙa wa matar, ita ta faɗa mata. Yarinyar nan bakinta ba ya riƙe komai, ta je ta ba shi labari tana dariya, ta zaci abin dariya ne. Shi bai yi dariya ba. Da hannunsa da ya karye ya warke ya haɗa jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini da Turanci, a ƙasar nan ko kare ana kiransa da suna. Na ce to ya je ya zama kare. Ya tafi, ya canza lamba, har ƙanwar tasa bai bar wa ba.

Babansa direban tasi ne, kuma shi ma yaron nan ɗan farinsa ne. Sai ga mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara tambaya. Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ina wanke jikin iyayen wasu, ban san ko nawa ɗan yana raye ba. Kuma ba ni da bakin da zan tare wani a ƙofar masallaci in ce ko ka ga wane. Abin yana cina kamar gara a cikin azara, a waje ba a ganin komai.

Haka na faɗa cikin masu karta. A ƙasan benenmu, kusa da injinan wanki, akwai wani ɗaki da masu haya suke taruwa. Wata tsohuwa 'yar ƙasar Dominikan tana koyar da duba da karta a can duk Lahadi bayan azahar, ba ta karɓar komai, kaɗaici ne ya ishe ta. Muna ce mata Malama, rabi girmamawa rabi tsokana. Na san abin da malamanmu suka faɗa a kan duba, ba sai an tuna mini ba. Duk wadda ta shigo cikinmu sai ta ce ai wasa ne, rage lokaci ne kafin kaya su bushe. Ni ma haka na ce.

Karta ce irin ta 'yan caca, ba wata ta musamman ba. Malama ta koya mana cewa jan kati mai zuciya gida ne da soyayya, ja mai lu'ulu'u sana'a ce, baƙi mai ganye uku tafiya ce da labari, baƙi mai kan mashi kuwa ciwo ne da rabuwa. Sarki, sarauniya da saurayi mutane ne. Mai tambaya ita ke yanka karta da hannun hagu, mai dubawa ta jera a tebur tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Dokarta guda ce da ba ta sassautawa: ba ka duba wa kanka. Turancinta a nannaɗe yake da Sifaniyanci, ga sauri, don haka kowa yakan ajiye wayarsa a tebur tana ɗaukar murya, a sake saurara a jirgin ƙasa. Ni ban sha wahala ba, wadda ta haddace Ishiriniya tana yarinya ba kati ne zai gagare ta ba.

Mu uku ne masu jin Hausa a ɗakin. Akwai wata 'yar Maraɗi mai sayar da gyale da rigunan waya a Fordham Road, mace mai sanyi, ba ta cika magana ba. Sai wata 'yar zangon Kumasi, ita ma aikin tsofaffi take yi, doguwa, mai haƙorin Makka da murya kamar ta mai tallan kifi. Hausarta ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "kai" ne a wurinta. Tsakanina da ita akwai tsohon zance. A wani taron suna na ga ta ƙwala wa ɗanta na fari kira daga wannan bango zuwa wancan, ƙaton saurayi, ta rungume shi ta sumbace shi a goshi a gaban surukai. Na ce wa ta kusa da ni, waɗannan dai ba su gaji kunya ba. Ashe ta ji. Har yau ban janye maganar ba, amma na biya ta da tsada.

Ranar da aka fara gwaji a tsakaninmu, Malama ta haɗa ni da ita. Ta ce in kawo tambaya, in faɗi don wa nake yi. Na ce akwai wata maƙwabciyata da ɗanta ya bar gida, tana so ta san halin da yake ciki. Malama ta gyaɗa kai, ta zaro baƙin saurayi mai ganye uku ta ajiye a tsakiya, ta ce wannan shi ne yaron. Ita ta yarda har zuciyarta. 'Yar Maraɗi ta sunkuyar da kai. 'Yar Kumasi kuwa ta dube ni, haƙorin nan ya ɗan leƙo.

"Ɗan maƙwabciya, ko? To Hajiya, ka yanka."

Na yanka. Ta jera, ta buɗe, ta daɗe tana kallo kamar mai karatun allo.

"Yana da rai," in ji ta. "Amma akwai ruwa tsakaninshi da gida. Sai an hau jirgin ruwa. Kuma yana aiki da ƙarfe, hannunshi duk baƙin mai. Hannun dama yana mishi ciwo in sanyi ya zo."

Hannun dama ne ya karye. Na ce, "Allah sarki, zan gaya mata," na gyara ɗaurin ɗankwalina don in sami abin yi da hannuwana. Da aka tashi na hau bene. Na yi alwala na yi sallah raka'a biyu ta godiya a kan maganar da ta fito daga karta, ban ma tsaya duba rashin dacewar abin ba.

Daga nan kowace Lahadi ita ke duba mini, kuma kowace Lahadi sai ta ba ni ɗan guntu. Yana kwana a saman wani shago. Ya yi ƙiba. Ya daina zuwa Juma'a, a'a, ya koma. Amma ba ta taɓa ba ni guntun nan a bushe ba, sai ta tsoma shi a barkono. Takan ɗaga baƙar sarauniya mai kan mashi ta nuna wa kowa, ta faɗa da Turanci don duk ɗakin su ji, sannan ta maimaita mini da Hausa.

"Ga uwanshi nan. Kai, wannan mata zuciyanshi dutse ne paa. Hajiya, maƙwabciyan nan naka wane irin mutum ne? Ya haifi ɗa ne ko ya tsince shi a bola?"

Sauran matan su yi ta jijjiga kai, Malama tana tsaki tana cewa akwai iyaye marasa imani a duniya. Ni kuma dole in yi murmushi. Ɗan maƙwabciya ne, me zai sa in ji zafi? In na ɓata rai na tona kaina. In na kare uwar na tona kaina. Sai in ce, "Wallahi kuwa, wata irin mace ce." Da bakina nake zagin kaina, ita tana kallon bakin. Wata rana ta ce yaron ya gaya wa mutane uwarsa ta mutu a Kano. Na san mahaifiyata yake nufi. Na ce, "Ikon Allah," na miƙa hannu na ɗauki biskit, na tauna shi kamar ina tauna kwali.

Na tsane ta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Nakan kwanta ina tsara yadda zan watsa mata ruwan shayi a fuska. Amma na yarda da kartarta fiye da yadda na yarda da likita. Har na fara jin haushin kaina, ni da na fi ta haddace ma'anar kowane kati, in na duba wa wasu ba abin da ke fitowa sai tafiya da baƙo da wasiƙa, ita kuwa kamar tana leƙa taga.

Taga take leƙawa kuwa. Wata Asabar na tsaya a teburin 'yar Maraɗi ina taya gyale, ta kama hannuna ta ja ni bayan motar da take ajiye kaya.

"Yaya, ki bar zuwa wurin kartar nan," in ji ta. "Bon, ni ba na son shiga maganar mutane. Amma ba karta ba ce. Ɗan 'yar Kumasi na fari, wanda kika sani, garejinsu ɗaya da ɗan maƙwabciyar taki a Port Richmond, can tsallaken ruwa. Tare suke cin abinci. Duk abin da take faɗa miki a waya take jinsa."

Ko a nan ba ta ce ɗanki ba. Ita 'yar gida ce, ta san abin da ake bari a rufe. Na gode mata, na sayi gyalen da ba na so, na tafi.

Mai hankali zai ce daga ranar na daina zuwa. Washegari ni ce ta farko a ɗakin, har na taya Malama jera kujeru. Da ina zuwa ne a kan wataƙila, yanzu na tabbata labarin gaskiya ne. Port Richmond ba lungu ɗaya ba ne, kuma ko da na san ƙofar garejin, in je in ce ina neman wa? Mace ɗaya ce a duk New York take kawo mini labarinsa ba tare da na tambaya da sunansa ba, kuma farashinta shi ne ta taka ni a gaban mutane. Na ga zan iya biya. Ita ma ta gane na sani, don ta daina wahalar da kanta da dogon kallon kati. Takan buɗe kawai ta faɗi abin da ta ga dama, ko katin bai yi kama da zancen ba. Malama ta yi ta yaba mata, wai tana da baiwa.

A haka na ji ya yi aure. Jar sarauniya mai zuciya ta fito, 'yar Kumasi ta ce ga matarsa nan, ba Bahaushiya ba ce, ba ta ma san yadda ake tuƙa tuwo ba, amma tana kiran sunansa sau ɗari a yini, har maƙwabta sun haddace. Na ce Allah ya ba da zaman lafiya. Na hau sama na dafa wa babansa shinkafa, na zuba gishiri sau biyu. Ya ci haka nan, ban ba shi labarin ba.

Lahadin da abin ya ƙare ana zafi, injinan busar da kaya suna ta huci ta bango. Malama ta zo da sabon darasi. Ta ce in tambaya ta yi nauyi, mai yanka karta takan kira sunan mutumin da ƙarfi a kan katin, ta faɗi abin da yake a wurinta, don kada karta ta ɓata hanya. Ina jin haka na san an gama da ni. Ban sani ba ko 'yar Kumasi ce ta sa mata zancen a baki, ko kuwa sa'a ce ta faɗo mata.

Na yanka ban kira suna ba. Ta jera. Kusa da saurayin nan sai ga baƙin kati mai kan mashi guda tara, wanda duk ɗakin muka san shi ne na ciwo mai tsanani. Ta buɗe na gaba, shi ma baƙi. Saura ɗaya a kife. Ta ɗora tafin hannunta a kansa, ta daina dariya, abin da ban taɓa gani ba.

"Hajiya, akwai asibiti a gidan nan. An kwana a can. Na ga jini."

"Wa?" na ce. "Shi ne ko matar?"

"Kati ya rufe. Ba ya gane ɗan maƙwabciya kwata-kwata. Ka ji abin da Malama ya ce. Ka kira sunanshi, ka faɗi ko ɗan wa ne."

Na ce ban riƙe sunan ba. Ta ce to shi ke nan, ta fara tattara katin gefe, hannunta ɗaya yana nan a kan na kifen. 'Yar Maraɗi ta ce, "Haba Hajiya, ki ji tsoron Allah," ta ce mata ta yi shiru, darasi ake yi. Malama tana ta ƙarfafa mini gwiwa da fara'a, wai kada in ji kunya, suna ne kawai. Na dubi hannun nan mai zobba a kan katin. Na tuna silifas wari da wari. A raina na ce in ya mutu fa, ina zaune a nan ina riƙon kunya?

Na faɗa. Sunan da nake kira ni kaɗai a zuci tun yana cikin zane, ban taɓa barin iska ta ji shi daga bakina ba. Ya fito a shaƙe kamar ba muryata ba.

"Ban ji ba," in ji ta.

Na sake faɗa da ƙarfi. Na ce ɗana ne, ni na haife shi, ɗana na fari. Sai kuka ya ƙwace mini, irin mai sauti, a gaban matan da ko sunayensu ban gama sani ba.

Ta buɗe katin. Ja ne, zuciya guda ɗaya a tsakiya, katin sabon abu a gida. Ta kwashe da dariya har tana dukan tebur.

"Haihuwa ne! Matanshi ya haihu, mace, lafiya lau. An yi suna wancan sati, ni na dafa musu wake da shinkafa. Barka, kaka! Kun gani? Ashe mu da masu kunya duk ɗaya ne, bakin ne kawai yake da nauyi."

Matan da ba su ji Hausa ba suka ga ana dariya, aka ce musu jika aka samu, suka hau tafi da shewa. Malama ta rungume ni. 'Yar Maraɗi ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta sake dawowa ba. Ni kuwa na zauna ina share fuska da gefen mayafi, kuma ga abin da ya fi ba ni haushi: daɗi nake ji. Yana da rai, yana da 'ya. Har na ji kamar in gode wa 'yar Kumasi. Ban lura da wayarta ba, tana nan a gefen karta inda take ajiye ta kowace Lahadi.

Daga baya ta gaya wa mutane wai gata ta yi mini. Wai ta tura wa ɗanta muryar ne don ya kunna wa nawa, ya ji da kunnensa uwarsa tana sonsa. Ba ta yanke komai ba. Da "ban riƙe sunan ba", da "ban ji ba", da dariyar, da tafin, duk ta tura. Ban sani ba ko ta haɗa da na sauran Lahadin, inda nake cewa wata irin mace ce.

Ranar Talata da hantsi ina gidan wata tsohuwa da nake kula da ita, ina ba ta kunun hatsi da cokali, waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Na ɗauka na yi sallama. Shiru, sai ƙarar ƙarfe daga nesa da numfashin da ko cikin kasuwa zan gane. Na ajiye cokalin. Na buɗe baki in kira shi, tunda ai an riga an fasa, babu kowa a ɗakin sai tsohuwar da ba ta san ko wace shekara ake ciki ba. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Abin da ya fito shi ne abin da ya saba fitowa.

"Kai ne?"

Ya ɗan jira. Na san abin da yake jira. Sannan ya yi magana, kuma da Hausa ya yi ta, Hausar Kano tsantsa irin ta mahaifiyata, wadda rabona da ji a bakinsa tun shekarar da ya sauka.

"Ashe kin iya, Hajiya. Su kika faɗa wa."

Ya kashe wayar. Na kira lambar, ba a ɗauka ba. Tsohuwar ta buɗe baki tana jiran cokali, na ɗauka na ci gaba da ba ta.